Ledar noman naman kaza ta Ikorodu: ta ci kuɗinta a tukunya, amma a yi hattara da zancen arziki

Ledar noman naman kaza da ake ta tallatawa a WhatsApp da Facebook kwanan nan ta ci kuɗinta, in dai don tukunyar gida za a saya. In kuwa don a yi arziki cikin wata ɗaya ne, yadda masu tallar ke ta rantsuwa, to a dakata a ji bayanina tukuna. Ni masa da tuwo nake sayarwa a Agege, kuma ledojin nan sun yi damina a hannuna, sun yi hunturu, don haka na ga kyansu na ga aibinsu.

'Yar yayata ce ta ja ni ciki. Tana karatun ƙananan halittu a jami'a a nan Legas, kuma duk ranar da ta zo hutu ba ta da hira sai ta fumfuna. Ita ta ce, “Gwaggo, kafin ki tura wa kowa kuɗi, mu je mu ga gonar da idonmu.” Gonar tana can wajen Ikorodu. Ba gona ba ce irin wadda muka sani mai kunya-kunya. Rumfa ce doguwa, rufin ciyawa, an zagaye ta da raga, ƙasa a jiƙe sharkaf, ga kantoci na katako tun daga ƙasa har sama, kowace kanta an jera mata ledoji farare fes, kowace leda kamar burodin Agege babba da aka tsayar. Mai kula da wurin Bayarabe ne da ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa ras. Bai ɓoye mana komai ba, kuma wannan ne abu na farko da ya burge ni da su.

Abin da ke cikin ledar ba wani abin mamaki ba ne. Dusar katako ce daga wurin masu yankan katako, sai dusar shinkafa kaɗan, sai ɗan garin alli, sai ruwa daidai yadda in ka matse a hannu zai dunƙule amma ba zai zuba ba. Su cusa a leda, su jera a duro, su turara da wuta na awanni har duk wata ƙwayar cuta da ke ciki ta mutu. Duk wanda ya daɗe a Legas ya san hayaƙin da ya yi shekara da shekaru yana tashi daga Oko Baba a Ebute Metta, in ana wucewa ta gadar Third Mainland. Dusar katako ce aka riƙa ƙonawa a wurin don an rasa yadda za a yi da ita. To irin wannan dusar ce a nan take zama abinci. Idan ledar ta huce sai a zuba mata iri. Da ya ɗauko kwalbar irin sai da na yi murmushi, don dawa ce a ciki, dawarmu ta Arewa, an dafa ta sama-sama, farar saƙa ta lulluɓe kowace ƙwaya. Ya ce, “Hajiya, ai da dawarku muke aiki, ita ta fi riƙe irin.”

Wannan farar saƙar ita ce ainihin halittar. Zare ne sirara ƙwarai da ke kutsawa cikin dusar, suna fitar da ruwan narkarwa, suna tsotse abin da ya narke. Abin da muke tsinka mu ci 'ya'yanta ne kawai, waɗanda take fitarwa don su watsa ƙurar iri. Ba tsiro ba ce. Ba ta da ganye, ba ta haɗa abincinta daga hasken rana, kuma masana sun tabbatar da cewa danginta sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Gidansu ɗaya da fumfunar da ke kama burodi, da yis ɗin da nake zubawa a ƙullin masa kowane dare, da abin da ke kawo ƙyasfi a fata. Daga wannan gida aka samo maganin fenisilin, bayan Alexander Fleming ya lura a 1928 cewa wata fumfuna tana kashe ƙwayoyin cuta a farantin gwajinsa. Irin da gonar ke sayarwa shi ne oista, wanda masana ke kira Pleurotus, kuma sun zaɓi nau'in da ke jure zafi. Yana daga cikin halittu ƙalilan da ke iya narkar da taurin itace, shi ya sa a daji a jikin matattun bishiyoyi ake ganinsa. Ba don irinsu ba da kututture ya cika dazuzzuka.

Wani abu da yarinyar nan ta gaya mini a mota muna dawowa ya tsaya mini a rai. Itace ba shi da sinadarin naitrojin sosai, ga shi saƙar oista tana buƙatarsa don girma, don haka takan yi farauta. Akwai wasu ƙananan tsutsotsi a cikin ruɓaɓɓen itace da ido ba ya gani. In suka taɓa zaren sai su sandare, shi kuma ya shige jikinsu ya cinye. Tun 1984 aka gano haka, kuma a 2023 masu bincike a Taiwan suka gano sinadarin da yake sandarar da su. Ga mutum ba ya komai. Ikon Allah ke nan, abu a kwance a leda shiru, ashe mafarauci ne.

Su a gona suna ajiye ledar mako 3 zuwa 4 a inuwa har saƙar ta gama mamaye ta, sannan su sayar. Kai mai saye aikinka kaɗan ne. Ka tsaga ledar da sabuwar reza, ka ajiye inda iska ke ratsawa, ka riƙa fesa ruwa safe da rana da yamma. Ni a lungun da ke tsakanin kicin da katanga na jera nawa a kan benci, na rataya tsohon gidan sauro saboda ƙudaje, na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a ƙasa. Da farko ba ka ganin komai sai fari. Wata safiya sai ga wasu ƙananan ƙuraje sun taru a bakin tsagar, cunkus, kowanne da ɗan kansa mai ruwan toka. Da yamma sun ɗago. Washegari sun ninka. Yara suka riƙa tashi tun kafin kiran salla suna leƙawa da fitilar waya. Daga fitowar ƙurajen zuwa tsinka bai fi kwana 4 ko 5 ba a ƙa'ida, kuma haka na gani: huluna masu faɗin tafin hannu, ɗaya bisa ɗaya, ƙasansu layi-layi fari tas har zuwa kara, da wani ƙamshi mai sanyi na ƙasa bayan ruwan farko. Ba a yanka shi da wuƙa, a murɗe dunƙulen gaba ɗaya ake yi a cire.

Inda gonar ta gaza shi ne takardar bayani. Rabin shafi ce, da Turanci zalla, kuma ta ce a ajiye ledar a wuri mai duhu da sanyi. Wannan gaskiya ne a lokacin da saƙar ke mamaye dusar, wato aikin da su suka riga suka gama. A lokacin fitar da 'ya'ya kuwa, oista yana son ɗan haske, ba rana kai tsaye ba, kuma fiye da komai yana son iska. Numfashi yake yi irin namu, ya shaƙi iska mai kyau ya fitar da gurɓatacciya. Maƙwabciyata, wadda muka saya tare, ta bi takardar sau da ƙafa, ta kulle nata a sito. Abin da ya fito mata dogayen karare ne masu tauri da 'yan huluna ƙanana da ba su kai murfin kwalba ba. Ta ɗauka an cuce ta ne. Da muka fito da su waje zagaye na biyu ya gyaru. Layi biyu kacal da sun ƙara a takardar nan da ba ta yi asarar zagayen farko ba, wanda shi ne mafi yawa. Haka kuma ba su faɗi cewa kada a ajiye shi a ɗakin kwana ba, alhali oista yana zubar da ƙura sosai in ya tsufa a jikin leda, kuma mai asma ko mai yawan atishawa zai ji a jikinsa. Da zarar gefen hular ya fara miƙewa a tsinke, kada a jira ya juya sama.

Yanayin Legas kuwa ya karɓi abin nan. Laimar da ke sa mana kaya wari a ɗaki, ta sa takalmi ya yi fari a ƙarƙashin gado, ita ce abin da yake nema, don yana son damshin iska ya haura kashi 80 cikin 100. Da damina ko na makara da feshi ba ya nuna damuwa. Da hunturu ya sauko a Disamba sai labari ya canja: ƙurajen su fito su bushe su yi ja tun ba su girma ba, sai an ƙara feshi an rataya jiƙaƙƙen zani. Wanda ke Kano ko Sakkwato yana karanta wannan ya sani aikinsa zai ninka nawa, musamman da bazara.

Ɗaya daga cikin ledojin da suka aiko mini da ɗan acaba ta zo da tabo kore a gindinta, girman kwabo. Na ɗauki hoto na tura musu. Sai da na yi ta kira kafin a amsa, kuma amsar farko ita ce in kankare wurin in ci gaba. 'Yar yayata ta ce sam. Wannan koriyar fumfuna, Trichoderma, abokiyar gabar naman kaza ce, tana cin saƙarsa, kuma idan har ta yi kore to ta riga ta fara watsa ƙura, kankarewa sai dai ya yaɗa ta ga sauran. Muka ɗaure ledar muka fitar da ita daga gidan. Daga baya sun sauya mini da wata ba tare da ƙarin kuɗi ba, na yaba musu a kan haka, amma kuɗin ɗan acaba ni na biya, kuma shawarar farkon nan ba ta dace da mutanen da suka san aikinsu ba.

Wannan tabo ya sa na koma na buɗe buhunan da ke sitona, don a sana'ata fumfunar da ta fi ba ni tsoro ba ta cikin leda ba ce. Akwai wadda ake kira Aspergillus flavus, mai kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba ko an ajiye su a wuri mai laima. Tana barin guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma suya ko dahuwa ba sa kawar da ita. An gano gubar ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa. Mu da ake kawo mana gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masara daga Arewa, su sauka a busasshe su kwana a laimar Legas, ya kamata mu fi kowa kula: buhu a kan katako, nesa da bango, kuma ƙwayar da ta canja launi ko ta yi ɗaci a zubar, kada a ce a ba kaji. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona. Ita ma fumfunar ce dai, amma nau'in da ba ya yin guba, sai ya riga mai gubar kama wuri.

Mu dawo tukunya, inda ledar ta fi burge ni. Ba a jiƙa shi a ruwa, don yana tsotsewa ya yi laɓo-laɓo. A goge shi da tsumma mai tsabta ko a ɗauraye da sauri. A yage shi da hannu, yana yagewa sili-sili. Sirrin shi ne a zuba shi a kasko mai zafi ba mai, a bar ruwansa ya fito ya ƙone, sai a zuba man gyaɗa da albasa a soya har gefensa ya yi ja. A nan ne ɗanɗanonsa ke fitowa. Na barbaɗa masa yajin tsire, yara suka cinye a tsaye. A miyar agushi ya zauna daram, ya sha mai ya sha daddawa. A miyar taushe ma ya yi. A farfesu bai gamsar da ni ba, ya yi santsi, ba shi da abin tauna. Wanda na shanya a rana na daka na zuba a miyar kuka shi ya fi ba ni mamaki, don miyar ta yi wani zurfin daɗi har na rage dunƙulen magi. Shanyawar tana da wata riba: hasken rana yana sa naman kaza ya ƙera bitamin D a jikinsa. Ɗanye kuwa ba a cinsa, a dafa shi sosai.

Surukata da farko ko kallon kwanon ba ta yi ba. Ta ce, “Yanzu laimar kwaɗi za ki ba ni a gidan ɗana?” Na ce, “Hajiya, wannan na gona ne, a gabanki ya tsiro.” Ba ta yarda ba sai da maigida ya tambayi malaminsu bayan sallar magariba. Malam ya ce abin da ƙasa ta fitar halal ne muddin ba ya cutarwa kuma ba ya sa maye, ya kuma kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kam'a tana daga cikin mannu, abincin nan da Allah ya saukar wa Banu Isra'ila. Kam'a wata 'yar uwar naman kaza ce da ke girma a ƙarƙashin yashi a hamada bayan an yi ruwa, Larabawa na haƙo ta har yau. Hajiya ta ci a agushi. Ba ta ce ya yi daɗi ba, amma ta ce a ƙara mata miya.

Tsoronta kuwa yana da tushe, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya fita bayan gida ya tsinko abin da ya gani. Gaskiya ne akwai na daji masu kyau. Wanda ke fitowa a kan suri da damina, Termitomyces, gara ce da kanta ke noma shi a cikin gidanta, tana tauna ciyawa da itace tana shimfiɗa masa, shi kuma yana narkar mata da su; mutanen Kudancin Kaduna da Neja da ƙasar Yarabawa sun san shi sarai, kuma wani ɗan uwansa a Zambiya hularsa kan kai kusan mita 1. A kasuwa ma za ka ga 'yan Kudu na sayar da wani dunƙule mai tauri da Inyamurai ke kira osu, suna daka shi da agushi. Shi ma dangin oista ne. Amma waɗannan mutane gadon sanin suka yi, tun suna yara ake nuna musu. Akwai wani fari kyakkyawa mai faɗin hula da ke fitowa a filin ciyawa a ƙasashe masu zafi, ƙasan hularsa na komawa kore-kore in ya tsufa, wanda ke sa amai da gudawa mai tsanani. Akwai kuma dangin Amanita, waɗanda su ke da alhakin mafi yawan mace-macen naman kaza a duniya. Gubarsu ba ta jin wuta. Mutum zai ci ya yi awa 6 ko fiye lafiya lau, sannan ciki ya ɓaci, ya lafa har a ce an warke, alhali hanta ce ke mutuwa. Zancen a jefa cokalin azurfa a tukunya, ko a ce in ƙwari sun ci to mutum ma zai iya ci, duk ba shi da tushe. Wanda ya ci na daji ya ji ba daidai ba, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci. Babbar darajar ledar nan a wurina ita ce na san abin da aka shuka a ciki.

Abin da ban yarda da shi ba a tallarsu shi ne cewa ya maye gurbin nama. Ɗanyen naman kaza kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, kuma furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, alhali naman sa yana da kusan kashi 20. Alƙaluman da suke yaɗawa masu yawa na busasshe ne, kuma sai ka shanya kilo 10 kafin ka samu kusan kilo 1. Cike da kwano za ka zuba a kasko, ya dawo ɗan tafin hannu. Abinci ne mai kyau, ba kitse, yana da bitamin na rukunin B, ya dace da mai son rage maiƙo. Amma yaro mai tasowa a ba shi wake da ƙwai da kifi, naman kaza ya zo a ƙari. Haka zancen yana warkar da ciwon suga da hawan jini da suke rubutawa a ƙasan hotuna, kada kowa ya ajiye maganin likita saboda shi.

Sai zancen sana'a. Kowace leda tana ba da zagaye 3 ko 4, tsakaninsu mako 1 zuwa 2, kuma kowane zagaye yana ƙasa da na bayansa. Da na kwatanta abin da na tsinka da farashin da ake sayar da ɗan ƙunshinsa a manyan kantunan Ikeja, na ga na mayar da kuɗina har da ɗan ƙari. Amma wannan lissafin mai ci ne, ba na mai sayarwa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Oista ba ya jira: a waje kwana 1 ko 2 ya yi laushi ya fara wari, a firij kuma bai fi mako ba, in an samu wuta. Masu sayensa da tsada suna Lekki da Victoria Island da gidajen abincin 'yan Sin, kuma su so suke a kawo musu kullum, adadi ɗaya, a kan lokaci. Ka tashi daga Agege da kwandon abin da ke lalacewa a cunkoson Legas ka ga yadda za ta kaya. Na gwada sa shi a miyar da nake sayarwa. Matasa da ma'aikata sun karɓa, amma dattawan da ke cin tuwona, direbobin tirela da 'yan kasuwar shanu, da sun ji sunansa sai su ce a zuba musu ta jiya. Sannan muddin leda kake saye a hannun wani, ribar tana wurinsa. Mai son abin da gaske sai ya koyi haɗa ledar da kansa, kuma cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, FIIRO, ta daɗe tana aiki a kan noman naman kaza. Can ya fi dacewa a fara tambaya, kafin a sayi duro da katako.

Ni zan sake saye da damina mai zuwa, kaɗan, don gida da miyar kuka. Wanda zai saya ya je da kansa ko ya aiki wanda ya yarda da shi, ya juya ledar ta kowane gefe, ya tabbatar fara ce tas har gindi, ba kore, ba baƙi, ba ruwa kwance, ba warin tsami. Ya tambayi ranar da aka zuba irin, ya kuma ji daga bakinsu ko za su sauya wadda ta lalace da wanda zai biya kuɗin kawowa. Idan ledar ta gama bayarwa kada a jefar a kwata. Na farfasa nawa na zuba a gindin barkono da alayyahon da ke cikin bokitai, kuma sun yi kyau sosai.